LAMUNIN LIKITA A SHARI'A, DA SHIRIN RANAR DA ZA A KAI SHI ƘARA

Muna farawa da sunan Allah. Godiya ta tabbata gare Shi, Wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwana matashi, kai da Allah Ya nufe ka da shiga makarantar koyon aikin likita, ko kuwa ka gama kana cikin shekarar nan ta horo wadda a ke zagayawa da kai sashe-sashe a asibiti, wannan darasi naka ne. Kai kuma da ba ka karatun likita kada ka ajiye littafin nan, domin ba ka san ranar da za ka tsaya a bakin gadon mahaifiyarka ko matarka kana sauraron bayanin likita ba. Kuma a cikin maganar akwai rabon mai kemis, da wanzami, da maɗori, da yaron nan mai yawo da jakar allura ƙauye-ƙauye.

Shekara shida a ke yi ana koya maka jikin ɗan Adam, tun daga ƙashi har jijiya. Amma akwai wata rana da ba a cika shirya ka dominta ba, watau ranar da wani zai mutu ko ya nakasa a hannunka, danginsa su ce ba su yarda ba, a kawo maka takardar sammaci da sunanka a jiki. A da mutanenmu su kan ɗauki gawarsu su ce haka Allah Ya so, su tafi gida. Yanzu kuwa akwai lauyoyi, akwai waya mai ɗaukar hoto a kowane aljihu, mutane sun fara sanin haƙƙinsu. Wannan ya sa tsoro ya kama waɗansu samarin likitoci, har su kan koyi mugun darasi daga bakin waɗansu na gaba da su: ka yi shiru, kada ka amsa kome, in ta kama a gyara fayil. To ka sani, Musulunci ya yi magana a kan wannan al'amari tun shekaru sama da dubu da suka wuce, kuma shirin da ya koya maka ba irin wannan ba ne.

SHIN LIKITA YANA BIYAN ABIN DA YA ƁATA?

Asalin wannan babi hadisi ne wanda Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito ta hanyar Amru ɗan Shu'aibu, daga babansa, daga kakansa. Ma'anarsa ita ce Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin magani ba. Lamuni a nan shi ne ɗaukar alhakin ɓarnar da ta auku, da biyanta. Saboda haka mai kemis da ya mai da bayan shagonsa ɗakin ƙarin ruwa, da wanda ya yi shara a asibiti shekara biyu ya koma ƙauye ya ce shi dakta ne, duk wanda ya halaka a hannunsu yana wuyansu. Kai ma ɗalibi kada ka ce wannan bai shafe ka ba. Aikin da ba a koya maka shi ba tukuna, ko an koya maka amma ba a ba ka izinin yinsa kai kaɗai ba, in ka yi gaban kanka ka yi shi don kada nas-nas su raina ka, to a wannan aikin sunanka wanda ba a san shi da ilmin magani ba, ko da kuwa farar riga ce a jikinka.

Sa'an nan ƙwararre fa? Imamu Malik, Allah Ya yi masa rahama, ya kawo mas'alar a cikin Muwaɗɗa, ya buga misali da likitan da ya zo yin kaciya hannunsa ya zarce ya yanke kan mazakutar yaro. Ya ce abin da mutanen Madina suka haɗu a kai shi ne akwai diyya, kuma wannan yana cikin kuskuren da aƙila ke ɗauka, watau dangin mutum na wajen uba. Ibnu Rushdi ma ya ambaci wannan a cikin Bidayatul Mujtahid. Ka ga ke nan ƙwarewa ba ta kankare kuskuren hannu. Abin da ta ke kankarewa shi ne zunubin ganganci da ƙisasi.

Wanda ya fi warware zancen shi ne Ibnul Ƙayyim a cikin Zadul Ma'ad, inda ya kasa masu magani kashi biyar. Akwai gwani wanda ya ba sana'ar haƙƙinta, aka ba shi izini, hannunsa bai zame ba, amma duk da haka marar lafiya ya mutu ko wata gaɓa ta lalace. Wannan babu kome a kansa, kuma ka riƙe wannan da kyau domin shi ne hutun zuciyarka: Shari'a ba ta ɗora maka warkarwa ba, ta ɗora maka kyautata aiki ne. Akwai jahili mai shigar likitoci, wanda muka riga muka ambata. Akwai gwanin da hannunsa ya zame ya taɓa lafiyayyar gaɓa, irin misalin Imamu Malik. Akwai gwanin da ya yi ijtihadi wajen zaɓen magani, ijtihadin ya kuskure, maganin ya yi kisa. A nan ma akwai diyya, sai dai an saɓa a kan wa zai biya, aƙilarsa ko baitulmali. Na ƙarshe shi ne gwanin da aikinsa ya yi kyau, amma ya yanka ba da izinin mai jikin ko waliyyinsa ba. Shi ma malamai sun ɗora masa lamunin abin da ya biyo baya, ko da ya ke Ibnul Ƙayyim ya nuna akwai fuskar da za a iya sassauta masa tun da alheri ya nufa.

A shekarar 2004 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a birnin Maskat ta sake duba wannan babi bisa ga asibitocin zamani. Ta ƙara da waɗansu abubuwan da ke jawo wa likita lamuni, kamar yin aiki ba da lasisin hukuma ba, da yaudarar marar lafiya, da tona asirinsa ba da dalili ba, da ƙin taimakon wanda aka kawo cikin halin gaggawa.

"AI ƘADDARA CE"

Idan wani ya ce: to ai ajali ba ya jinkiri, wanda kwanansa ya ƙare ko likitocin duniya sun taru sai ya tafi, don me za a tuhumi likita? Sai mu ce masa: gaskiya ne ajali ba ya jinkiri, mun yi imani da haka. Amma wanda aka kashe da wuƙa ma da ajalinsa ya mutu, kuma Allah bai ce a saki mai wuƙar ba. Allah da Ya ƙaddara mutuwa Shi ne Ya saukar da aya ta 92 a cikin Suratun Nisa'i, Ya wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Da ƙaddara hujja ce ga mai sakaci, da wannan aya ba ta da wurin aiki.

Dubi abin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabir, Allah Ya ƙara masa yarda. Suna cikin tafiya dutse ya rotsa kan wani mutum, sa'an nan janaba ta same shi. Ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce ba su ga sauƙi gare shi ba tun da ga ruwa. Ya yi wanka, ya mutu. Da labari ya isa ga Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, bai ce kwanansa ne ya ƙare ba. Ya jingina musu kisan, ya yi fushi, ya zarge su da ƙin yin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Waɗannan fa baki kawai suka sa, ba su riƙe wuƙar tiyata ba.

Imani da ƙaddara na dangin mamaci ne su yi haƙuri da shi, kuma naka ne ka sami natsuwa da shi bayan ka yi iyakar ƙoƙarinka. Amma ka manta da auduga a cikin cikin mace bayan tiyata, ko ka yi wa mutum ƙarin jinin da ba irin nasa ba don ka ƙi duba takardar da ke jikin leda, sa'an nan ka fito ka ce wa mijinta sai haƙuri haka Allah Ya so, wannan amfani ne da sunan Allah don rufe ɓarna. Kuma abin takaici, talakan da ya fi kowa tsoron Allah shi a ke yi wa wannan, domin an san ba zai ɗaga murya ba.

ƘOFOFIN DA ƘARA KE SHIGOWA

A Nijeriya ƙara tana iya zuwa maka ta ƙofa uku, kuma ɗaya ba ta hana ɗaya. Ta farko ita ce Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda ta ba ka rajista. Tana da kwamitin bincike, in ya ga akwai abin amsawa sai ya miƙa ka ga kotun ladabtarwa ta likitoci. Wannan kotu tana iya yi maka gargaɗi, ko ta dakatar da kai har wata shida, ko ta soke sunanka daga rajista, kuma in ba ka yarda ba sai Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ba ta yanka wa dangi kuɗi. Mai neman kuɗi Babbar Kotu zai tafi, ita ce ƙofa ta biyu, kuma sau da yawa a kan haɗa likita da asibitin da ya ke wa aiki. Ta uku, wadda ta fi nauyi, ita ce tuhumar laifi, in sakacin ya yi muni ƙwarai har ya kai ga rasa rai.

Abin da mai ƙara zai tabbatar a Babbar Kotu shi ne: kula da shi ta hau kanka, ka gaza a wannan kula, kuma gazawar ce ta jawo cutarwar. Ma'aunin gazawa kuwa ya samo asali daga wata shari'a da aka yi a Ingila a 1957, wadda a ke kira shari'ar Bolam, inda alƙali ya ce ba a kama likita da sakaci in ya yi abin da wata jama'a ta ƙwararrun likitoci masu sanin ya kamata za su yarda da shi. Ka lura, wannan bai yi nisa da abin da malamanmu suka faɗa ba tun da daɗewa, cewa masana sana'a a ke tambaya ko an ba sana'ar haƙƙinta.

Kuma ka san dokar lafiya ta ƙasa ta 2014. Sashe na 20 ya hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa, kowane irin dalili ne kuwa, kuma akwai tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu. Wata doka ta 2017 ta wajabta yi wa wanda aka harba da bindiga magani ko da babu takardar 'yan sanda.

LABARIN WATA LIKITA MAI NEMAN ƘWAREWA

Domin kada ka ɗauka manyan likitoci kaɗai a ke kai wa ƙara, ga abin da ya sami Dakta Hadiza Bawa-Garba, 'yar asalin Nijeriya, wadda ke neman ƙwarewa a fannin yara a wani asibitin birnin Lesta a Ingila. Ran 18 ga Fabrairu 2011 aka kawo mata wani yaro ɗan shekara 6 da amai da gudawa da wahalar numfashi. Ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba. Ran nan ma'aikata sun yi ƙaranci, tana riƙe da aikin da ya kamata a raba wa fiye da mutum ɗaya, babban likitan sashen ba ya nan da safe, kwamfutar da ke kawo sakamakon gwajin jini kuma ta lalace na sa'o'i. An yi jinkirin duba hoton ƙirji, saboda haka aka yi jinkirin fara maganin kashe ƙwayoyin cuta. Da babban likita ya zo da yamma ta faɗa masa sakamakon gwajin, amma ba ta ce masa ya zo ya duba yaron da kansa ba. Akwai kuma wani maganin zuciya da yaron ya saba sha, wanda ta bar shi da gangan ba ta sa a takardar magani ba domin bai dace da halin da ya ke ciki ba, amma ba ta bayyana cewa a dakatar da shi ba, sai aka ba shi da dare. Yaron ya rasu a wannan daren saboda ƙwayoyin cuta da suka mamaye jininsa.

A 2015 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci, aka yanka mata ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka. A Janairu 2018 aka soke sunanta daga rajistar likitoci. Dubban likitoci suka tashi suka ce an ɗora wa mutum ɗaya laifin asibiti duka, suka tara kuɗin ɗaukaka ƙara, a Agusta 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan korar, daga baya ta koma aiki.

Ba mu kawo wannan don mu yanka hukunci tsakaninta da iyayen yaron ba, su sun rasa ɗa, ita ta sha shekaru cikin baƙin ciki. Amma ka duba inda igiyar ta tsinke: kalma ɗaya da ba a faɗa wa na gaba ba, layi ɗaya da ba a rubuta ba. Sa'an nan ka tambayi kanka, in wannan ya faru a Ingila, ina ga asibitin da za a bar ka kai kaɗai da dare da gado arba'in, ba wuta, ba jini a ma'ajiya?

SHIRIN YANA FARAWA TUN KAFIN SAMMACI

Farkon shiri shi ne ka iya cewa ban sani ba. An san Imamu Malik da yawan faɗin haka ga masu tambayarsa, kuma bai rage masa daraja ba. In al'amari ya fi ƙarfinka ƙarfe biyun dare, ka kira na gaba da kai, ko da zai yi maka tsawa. Kuma in ka kira kada ka yi ta kewaye-kewaye irin na kunyar da aka tarbiyyantar da mu a kai. Ka ce: ranka ya daɗe, ina so ka zo ka duba wannan marar lafiya yanzu. Sa'an nan ka rubuta lokacin da ka kira da abin da ya ce. Tsawar minti biyar ta fi sauƙi bisa ga shekara biyar ana ɗage shari'a. In kuwa kayan aiki ne babu, ko ma'aikata sun yi kaɗan, ka sanar da shugabannin asibiti a rubuce tun kafin wani abu ya faru, ka ajiye kwafinka.

Sai izini. Dangwala yatsa a kan takardar Turanci da tsohuwa ba ta iya karantawa ba, wannan ba izini ba ne, ko a Shari'a ko a kotu. Izini shi ne ka zauna ka bayyana wa mutum da harshen da ya ke ji abin da za a yi masa, da hatsarin da ke ciki, da wata hanyar in akwai, da abin da zai faru in ya ƙi. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara wajen 200. Yara 11 suka rasu cikin waɗanda aka sa a gwajin, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji a ke yi ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har Amurka, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Rashin yardar da wannan ya shuka a zukatan jama'a ya daɗe yana wahalar da ma'aikatan lafiya waɗanda ba su ji ba su gani ba.

Baligi mai hankali, namiji ko mace, shi ne mai izinin jikinsa. Shawartar miji ko uba ladabi ne mai kyau, ka yi shi in da hali, amma kada ka tsaya kallon mai naƙuda jini na zuba kana jiran mijin da ya tafi cin kasuwar ƙauye, alhali ita da bakinta ta yarda a yi mata aiki. Wanda kuma aka kawo ba ya cikin hayyacinsa, ba waliyyi kusa, jinkiri zai halaka shi, to ceton rai ba ya jiran sa hannu. In baligi ya ƙi magani bayan ka yi masa bayani, ba ka da ikon tilasta shi. Kotun Ƙolin Nijeriya ta tabbatar da haka a 2001 a shari'ar Dakta Okonkwo, wanda aka hukunta saboda wata mata da ta ƙi ƙarin jini bisa ga aƙidarta ta rasu a asibitinsa, kotu ta wanke shi. Amma a kan ƙaramin yaro, a 2019 kotun ta ce ana iya neman umurnin alƙali a ceci ransa ko da iyaye sun ƙi.

Sa'an nan rubutu, kuma a nan za mu daɗe kaɗan, domin nan ne samari suka fi kasala. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi. In kuɗi sun cancanci a rubuta su don gudun jayayya, ina ga ran mumini? Kuma wannan ba baƙon abu ne ga likitocin Musulmi ba. Shaizari, wanda ya rubuta littafi a kan aikin hisba a ƙarni na 6 na Hijira, ya bayyana cewa likita ya rubuta abin da ya tsara wa marar lafiya a kowace ziyara, ya bar wa dangi kwafi a gaban shaidu. In marar lafiya ya rasu, dangi su kai takardun ga babban masanin likitancin garin. In ya ga an bi ƙa'ida sai ya gaya musu ajali ne, in ya ga akasin haka sai ya ce su karɓi diyya daga likitan. Tun kafin nan, a shekara ta 319 ta Hijira, watau 931, wani mutum ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, sai Halifa Muƙtadir ya hana kowa yin magani sai Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba shi, aka jarraba mutum wajen 860. Ashe lasisi da fayil da kwamitin bincike ba kayan Bature kaɗai ba ne.

Saboda haka ka rubuta kwanan wata da lokaci, da abin da ka gani, da abin da ka yanke da dalilinsa, da maganin da ka tsayar da dalilin tsayarwa, da wanda ka gaya wa. Ka sa sunanka yadda za a iya karantawa. Shari'a ta kan zo bayan shekaru, lokacin da ka ga dubban marasa lafiya ka manta fuskar wannan, fayil ne kaɗai zai tuna. In ka tuna wani abu daga baya, ka ƙara shi a ƙasa da sabon kwanan wata, ka nuna ƙari ne. Amma ka koma ka goge, ko ka yage shafi, ko ka cusa awon jinin da ba ka auna ba, wannan shaidar zur ce da alƙalami. A hadisin Abu Bakrata da ke cikin Buhari da Muslim, Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, yana kishingiɗe ya tashi zaune da ya zo kan shaidar zur, ya yi ta maimaitawa, bayan ya ambaci shirka da saɓa wa iyaye. A kotu ma kuskuren da a ke iya yi wa uzuri ya kan zama abin da ke kashe sana'ar mutum ranar da aka gano ya taɓa fayil.

IN ABIN YA RIGA YA FARU

Ka fara da ceton abin da ya saura na lafiyar mutumin. Ka sanar da babban likita nan take. Sa'an nan ku zauna da dangi, a gaya musu abin da ya faru yadda ya faru, ba tare da ƙirƙirar dalilin da ba a tabbatar ba, ba kuma tare da jefa laifi kan nas ko ɗan'uwanka da ba ya wurin ba. Ka yi musu ta'aziyya irin ta Musulmi. Da yawa cikin masu zuwa kotu ba kuɗi ne ya fara kai su ba, wulaƙanci ne da rufa-rufa, sun yi tambaya an kore su kamar ba ɗansu ne ya mutu ba.

In sammaci ya zo kada ka ɓoye shi a aljihu don kunya, domin kotu tana da wa'adin amsawa. Ka kai wa hukumar asibiti da ƙungiyarku ta likitoci, ka nemi lauyan da ya san wannan fanni. Ɗaukar lauya halal ne, wakilci ne a husuma, kuma kare kanka daga tuhumar da ba gaskiya ba haƙƙinka ne, domin Shari'a ta ɗora hujja a kan mai da'awa. Ka zauna ka rubuta wa lauyanka duk abin da ka tuna tun yana sabo. Kada ka je kana ba da labarin marar lafiya a majalisa ko a intanet don wanke kanka, sirrinsa amana ne ko bayan ransa. Kuma kada ka aika a tsorata dangi, ko a bi ta bayan gida wajen wani mai shaida.

A gaban alƙali ka amsa abin da aka tambaye ka, abin da ba ka tuna ba ka ce ba ka tuna ba. Lauyan ɗaya ɓangaren zai matsa maka, aikinsa ke nan, kada ka yi fushi. Amma ka sa hadisin Ummu Salama a gabanka, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, inda Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yi gargaɗi cewa wani ya kan fi abokin shari'arsa iya tsara magana har a yanka masa abin da ba nasa ba, kuma abin da ya karɓa ta haka yanki ne na wuta. Kai ka yi karatu, kana da lauya, kana jin Turancin da a ke shari'ar da shi. Mai ƙararka wataƙila manomi ne da ya sayar da akuyarsa ya zo birni. Kana iya cin shari'ar alhali ka san a ranka ina gaskiya ta ke.

Haka kuma in an kira ka shaida a kan abokin aikinka. Likitoci suna da wata al'ada ta rufa wa juna asiri, suna kiranta zumuncin sana'a. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta umurci muminai da tsayar da shaida domin Allah ko da a kan kansu ne ko iyayensu, balle abokin aji. Kuma adalcin nan fuska biyu gare shi: in ka san ɗan'uwanka ya yi abin da ya kamata, ko kuwa rashin kayan aiki ne ya ci shi, wajibi ne ka faɗa, kada ka bari a yanka ƙaramin likita don a tsirar da manya.

In ta tabbata kuskurenka ne ya yi sanadin rasa rai, to diyyar kisan kuskure a mazhabar Malik raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, kuma aƙila ce ke biya a cikin shekara uku. Abin da bai kai sulusin diyya ba yana cikin dukiyar mai kuskuren. Yau da dangi suka warwatse, malaman zamani sun ce asusun taimakon juna na 'yan sana'a ɗaya, ko inshorar Musulunci da a ke kira takaful, suna iya tsayawa a matsayin aƙila, suna kafa hujja da yadda Sayyidina Umar ya mai da ita kan mutanen diwani ɗaya. Ya kamata ku samari masu karatun likita ku fara wannan magana a tsakaninku tun yanzu. Dangin mamaci suna da ikon yafe diyya ko su yi sulhu a kan wani abu, kuma yafewa alheri ce babba, amma sai in da daɗin ransu, ba don an tara musu manyan gari an sa su jin kunya ba. Kaffara kuwa haƙƙin Allah ce, yafewar dangi ba ta kayar da ita, kuma ba aƙila ke ɗaukarta ba. Tun da babu bawan da za a 'yanta a yau, azumin wata biyu ne a jere. Kafin ka ɗora wa kanka ita ko ka sauke, ka kai bayanin abin da ya faru filla-filla ga malami masanin fiƙihu, tare da ra'ayin ƙwararren likita amintacce, domin a bambance maka ko kana cikin kashin farko na Ibnul Ƙayyim ne, wanda babu kome a kansa, ko kuwa kana cikin na uku ko na huɗu.

Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.